Kwalin Kawu da Tagar Motar Tsere

A farkon bazarar 1983 aka turo motar nan bakin rumfarmu da ke tashar Isa. Ina ɗan shekara goma sha uku a lokacin, aikina share ɓarɓashin gilashi da miƙa wa Kawu kayan aiki. Fijo 504 ce, irin wadda ko yaron goye ya sani a ƙasar nan, amma an yi mata abin da ban taɓa gani ba. An cire kujerun baya. An kewaye cikinta da bututun ƙarfe kamar keji, an girke wani ƙaton tankin mai inda fasinja ya kamata ya zauna, ga lamba ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa, ga rubuce-rubucen Faransanci har kan murfin inji. Wani Alhaji mai fataucin shanu a Sabon Birni ne ya saye ta ta hannun dillalan Madawa, su kuma daga Agadas suka jawo ta, inda Turawan tseren hamada suka yar da ita bayan ta gaza. Kanikawa sun tayar da injin. Abin da ya rage taga ce: ta ƙofar direba ta tafi, an toshe ramin da buhu.

Kawu ya zagaya ɗaya gefen, ya ƙwanƙwasa tagar da ta tsira da farcensa. Ba ta yi ƙarar gilashi ba, wani "kwaf-kwaf" ta yi kamar an bugi ƙwarya. Ya sa tafin hannu ya danna, ta lotsa ta dawo. Ba ta hawa, ba ta sauka. An kafe ta ne da ƙananan ƙusoshi a kewayen ƙofar, a tsakiyarta kuma an yanka wata 'yar kafa mai murfin zugewa, daidai shigar hannu.

"Alhaji, ranka shi daɗe, wanga ai ba gilas ba ne," in ji Kawu. "Roba ta."

"To mi za a yi, Malam?"

"A ba ni kwana goma, in ga abin da Allah za shi yi."

Kafin in faɗi yadda kwana goman nan suka zama ashirin da uku, bari in koma baya kaɗan, domin sana'ar da Kawu ya tsaya a kanta ran nan ba ta fi shekarunsa tsufa ba.

Gobir ƙasar doki ce da ganuwa. Daga faɗuwar Alƙalawa a 1808, wadda kufanta ke nan kusa da Sabon Birni, zuwa komawar Gobirawa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, zuwa ɓallewar Ɗan Halima da ya kafa Sabon Birnin kanta, babu inda maginin ƙasar nan ya buƙaci gilashi. Taga a ɗakin soro 'yar kafa ce can sama, don hayaƙi ya fita, haske ya ɗan leƙo. Gilashin da kakanninmu suka sani shi ne madubin amarya da fatake ke kawowa, da kwalba, da duwatsun wuya da awarwaron da Nufawan Masaga ke narkawa a Bida. Mota ce ta kawo mana gilashi shimfiɗaɗɗe, motar kuma jirgin ƙasa ne ya jawo ta. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai gyaɗa da audugar Shinkafi da Isa da Sabon Birni suka samu ƙofar fita, kuma dole a samu abin da zai kai su bakin jirgi. Raƙuma da jakuna suka fara, manyan motoci suka karɓa.

Manyan motocin farko, su Bedford da Austin, sau da yawa inji da ƙashi kawai ake shigowa da su. Bodin, wani lokaci har da ɗakin direba, kafintoci ke haɗa shi da katako a nan gida. To duk ramin da kafinta ya bari da sunan taga, babu wani kanti a duniya da ke sayar da gilashinsa, domin ma'auninsa a kan kafintan nan kaɗai yake. Nan aka haifi sana'ar mai yankan gilashin mota. Kawu ya koye ta a Gusau, wajen wani mutumin kudu mai haɗa bodi, a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai. Ya ce shekara biyu ya yi bai taɓa dayamon ba, wato ɗan alƙalamin nan mai ƙaramar ƙafa a baki da ake tsaga gilashi da shi. Kwali kawai ake ba shi. Ya kara shi a ramin taga, ya bi gefen da yatsa mai baƙin mai har zane ya fito, ya yanke da almakashi, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Yakan ce gilashi ba ya ƙarya, abin da kwali ya faɗa masa shi yake maimaitawa. In taga ta ƙi zama, kwali za a tuhuma.

Landiroba ta ƙara wa sana'ar kasuwa. Tsohuwar Landirobar da ma'aikatan En'e da na gona da masu allurar shanu ke shiga da ita ƙauyukan bakin gulbin Bunsuru da Rima, duk gilashinta miƙaƙƙe ne, babu lanƙwasa ko ɗaya, na ƙofa kuwa zuge shi ake yi gaba da baya. In ƙaho ko reshe ya fasa shi, kafin direba ya gama cin tuwo a tasha an yanka masa wani.

Sai dai gilashin mota iri biyu ne, kuma wanda bai san bambancinsu ba, zai yi asarar jarinsa ko idonsa. Akwai mai ɓawo biyu da 'yar roba a tsakani, wanda wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Édouard Bénédictus, ya yi wa rajista a 1909. Shi ake sawa a gaba, domin in ya fashe ba ya zubewa, robar tana riƙe shi. Wannan yana yankuwa, amma da haƙuri: ka tsaga sama, ka juya ka tsaga ƙasa daidai kan layin farko, ka karya kowane ɓawo a hankali, sannan ka tsiyaya sifirit a tsagar ka ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta bi layin da gudu, robar ta yi laushi, ka ja ka raba da reza. Wannan wutar ce ke tara mana yara a bakin rumfa, har wasu na cewa Kawu yana da asiri. Na biyun shi ne gasasshe, wanda ake zafafawa sama da digiri 600 a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya, ya yi tauri ya ɗaure kansa. Shi ake sawa a ƙofofi. Ba ya yankuwa ko da dayamon ɗin sarki ne. Ranar da na saci jiki na gwada a kan wani tsohon gilashin ƙofa, ban ƙarasa rabin layi ba ya tarwatse a hannuna kamar an watsa gishiri. Kawu bai ko ɗago kai ba. Cewa ya yi, "Ɗauko tsintsiya, ɗan nan. Ka biya kuɗin makaranta."

Saboda haka masu yanka irinsu Kawu da gilashi mai ɓawo biyu suke maye gurbin gasasshe. Marasa tsoron Allah kuwa gilashin tagar gida suke sa wa mutane, mai arha, wanda in ya fashe yake zama wuƙaƙe. Na ga yaron mota da aka ɗinke wa kunci saboda irin wannan aiki, kuma har gobe ba na gaisawa da hannu biyu da mai yin sa.

Iyaka ita ce ɗaya uwar sana'ar. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan, amma bai raba kasuwa ba. Kafin 2 ga Afrilun 1972 direban da ya tsallaka zuwa Maraɗi ko Madawa sai ya sauya hannu, domin mu hagu muke bi, su dama. Da Nijeriya ta koma dama, motar Nijar ta zama ta gida. A shekarun nan ne kuma samarin Turai suka mayar da hamada hanyar fatauci: su sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su keto Aljeriya ta Tamanrasat, su sayar a Arlit ko Agadas ko Tawa, su hau jirgi su koma. Motocin nan sukan gangaro mana iri-iri, wasu ko sunansu ba mu iya faɗa, kuma babu wadda ta zo da ɗan'uwan gilashinta. Ita 504 ba ta da wannan matsala, tunda kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kayanta sun cika Ƙofar Ruwa a Kano.

To me ya hana a sayo wa Alhaji gilashin 504 kawai? Masu tseren sun riga sun yashe ƙofar. Sun cire injin ɗaga gilashi da hanyoyinsa da robobinsa, sun bar fatar ƙarfe zalla, ga kuma bututun keji ya gitta ta ciki. Mayar da ita yadda take sai an sayi ƙofa sukutum. Alhaji kuma, gaskiyar magana, ba ya so. Tagar nan mai 'yar kafa ita ce abin da ya sa ake nuna motarsa da yatsa ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi.

Daga baya, da na yi karatu na shiga duniya, na gane inda motar ta fito. Tseren motoci ya daɗe yana shafar gefen ƙasar Hausa. A watan Mayun 1974 an yi wani da ya tashi daga Landan zuwa Munik ta cikin Sahara, wanda iyakar kudunsa Kano ce. Motoci 70 suka tashi, 19 suka ƙarasa, wata Citroën ta wasu mutanen Ostareliya ta zo ta ɗaya. Sannan Thierry Sabine, wanda ya taɓa ɓata a hamada a kan babur a 1977, ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar, aka tashi na farko ranar 26 ga Disambar 1978, aka bi ta Agadas da Yamai. A na 1983 ne aka fara keta Tenere, guguwar rairayi ta taso ta ɓatar da mutum kusan arba'in, aka yi kwanaki ana tsinto su. Shi kansa Sabine jirgi mai saukar ungulu ne ya faɗi da shi a Mali a Janairun 1986. Ita kuwa 504 ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. A gida ma akwai tseren motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu.

Dalilinsu na cire gilashi a bayyane yake. Robar ba ta kai rabin nauyin gilashi ba in kaurinsu ɗaya, ga nauyin injin ɗagawa da aka huta da shi, kuma in mota ta wuntsila babu ɓarɓashin da zai cika wa direba ido. Ita ma robar iri biyu ce, abin da Kawu bai sani ba ke nan, kuma ya biya nasa kuɗin makarantar. Akwai akirilik, wadda Jamusawa suka fitar da sunan Plexiglas a 1933, Ingilishi kuma suke kira Perspex: garau take, tana jure rana, amma tana da saurin tsagewa. Akwai polikabonet, wadda aka gano a 1953 a Jamus da Amurka kusan lokaci guda, ake sayar da ita da sunan Makrolon da Lexan: ko da guduma ka doke ta sai dai ta lotsa, amma tana saurin ƙarcewa, rana na mayar da ita ruwan ɗorawa, fetur da tina kuma suna cin ta. Tagar da ta tsira a motar Alhaji ta biyun ce. Abin da Kawu ya samo a Kano, wajen masu yin allunan talla na kantuna, ta farkon ce, falle ɗaya mai kaurin milimita huɗu, da takardar kariya manne a jikinta.

Kwali bai ba shi wahala ba. Ya kwance tagar dama, ya kwantar da ita a kan kwalin sigari, ya zana, ya juya kwalin ya zama na hagu. Amma bai yarda da shi haka nan ba, sai da ya kara a ƙofar direban, ya ga ta ɗan karkace daga sama, alamar motar ta taɓa kwanciya a wannan gefen. Ya ƙara ɗan yatsa a kusurwar gaba, ya rage a ta baya. Dayamon ba shi da aiki a nan. Da zarton ƙarfe ya yanka, a hankali, ni ina danne da fallen a kan benci ina ɗiga ruwa don kada zafi ya narka bakin yankan ya sake haɗewa. Ya bi gefen da magagari, sannan samfefa, har ya yi santsi kamar bakin akushi.

A wajen huda ne ta watse. Rami goma sha huɗu ake bukata. Ya huda goma sha ɗaya lafiya, a na goma sha biyu bakin dirila ya cafki robar yayin da zai fita ta ƙasa, muka ji "ƙas", tsaga ta tafi tun daga gefe har tsakiya. Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya ajiye dirilar, ya yi alwala, ya tafi masallaci tun ba a kira la'asar ba.

Saura rabin falle, daidai taga ɗaya, babu na kuskure. Ya kwana biyu yana wasa da guntayen da suka lalace, yana huda su iri-iri. Abin da ya gano shi ne kaifi ne ke kashe ta: ya goga bakin dirilar a dutse ya dakushe shi, ya zama yana kankara maimakon cafka, ya sa katako a ƙasa, ya kuma matsar da ramukan nesa da gefe. Ya lura da wani abu kuma a tagar Turawan, cewa kowane rami ya fi ƙusarsa faɗi. Da farko ya ɗauka sakaci ne. Da ya bar guntu a rana ya auna shi da tsakar rana, ya sake aunawa da asuba, sai ya ga roba tana numfashi fiye da ƙarfe, in ka matse ta ba wurin motsi za ta tsage da kanta. Ya faɗaɗa nasa ramukan, ya yanka washa daga tsohon tiyub ya sa wa kowace ƙusa sama da ƙasa.

Sai lanƙwasa. Ƙofar 504 tana da ɗan doro, akirilik kuma in ka tanƙwara ta da sanyi ka kafe, tana nan tana jiran ramin farko a hanya ta rama. Dabarar da Kawu ya yi har yau ina jinjina mata. Ya je gidan burodin da ke bayan tasha, ya roƙi mai gidan ya bar masa tanda bayan an kwashe gashin ƙarshe, lokacin da wuta ta mutu zafi ya rage. Ya ɓare takardar, ya shimfiɗa fallen a kan faranti da tsohon zane, ya tura ciki, yana leƙawa yana taɓa gefe da sanda. Da ya ga ta fara saki kamar ƙirgin da aka jiƙa, ya jawo ta da tsumma, muka ruga da ita taku biyar zuwa inda ya tanadi tsohon gilashin ƙofar 504 da ya aro, an lulluɓe shi da bargo. Ya ɗora, ya shafe ta da tafin hannu cikin tsumma, ya ce kada wanda ya yi ko tari. Muka tsaya a kanta har ta huce. Warin burodi bai bar tagar nan ba sai da aka yi sati.

'Yar kafar zugewa ya yi mata hanya da guntun alminiyon na tagar gida, ya ɗaure da ribit, ya sa maɓallin tsohuwar rediyo a matsayin mariƙi. Da Alhaji ya zo, ya zuge ya rufe ya fi sau goma, ya zura hannu ya yi kamar yana miƙa wa ɗan kamasho kuɗi.

"Malam, wagga ta fi ta Nasara haske."

"Ta fi ta haske, Alhaji, ba ta fi ta ƙarfi ba. Kak ka bari yara su goge ta da busasshen tsumma, ruwa da sabulu kawai. Kuma kak a kusanto ta da fetur."

Naira talatin ya biya. In aka cire kuɗin falle da na motar Kano, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, amma Kawu ya rubuta "tsere" da ajami a jikin kwalin, ya rataye shi a ƙusa tare da sauran.

Wannan aiki ya zo ne a daidai lokacin da rana ta fara yi wa sana'ar yamma, ko da yake ba mu sani ba. A 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, shekarar da aka karya darajar naira. Sabuwar mota ta gagari mutane, aka koma kwance na Kwatano da Beljiyam. Su kuwa waɗannan duk gilashinsu lanƙwasasshe ne gasasshe, kuma tare da su ake shigo da kwantena-kwantena na gilashin kwance. Mai yanka ya zama mai ɗaurawa: a faɗa maka sunan mota, ka aika Kano ko Sakkwato, a kawo, ka kwance ƙofa ka saka. Na gaban ma da ake zaunar da shi cikin roba da igiya, mutum ɗaya na dannawa daga waje ɗaya na jan igiyar daga ciki, ya koma na liƙawa da gam. Ba na cewa wannan ba aiki ba ne, da shi na aurar da 'ya'ya. Amma yaron da ya koya a yau zai iya shekara goma bai taɓa yanka kwali ba. Tseren ma ya yi ƙaura: a 2000 jiragen sama ne suka kwashe motocin daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari, a 2008 aka soke shi, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Abin da ban zata ba shi ne roba za ta dawo ta wata ƙofa. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, hanyar Gundumi ta mutu, dubban mutanenmu suka tsallaka Gidan Rumji gudun hijira, aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni a Disambar 2021, direban da ke bin hanyoyin nan ya rage kuɗi a hannunsa, ya ƙaru da fasassun tagogi. Wani harsashi ne, wani gindin bindiga, wani kuwa gudun tsira ne a cikin daji. Gilashin kwance ya yi tsada, kawo shi ma sai an jira rakiyar sojoji. Da yawa leda da salatef suke mannawa, hunturu ya yage, damina ta jiƙa fasinja.

Kawu ya rasu kafin wannan zamani, ni kuma na dawo da aikina Sakkwato, na kwaso kwalayensa a buhu. Kwanakin baya wani direban Golf ɗan Gatawa ya shigo da tagar baya a buɗe, ya ce ba shi da kuɗin gilashi sai bayan girbi, in an samu yin girbin. Na aiki yaro kasuwa ya sayo fallen roba na masu rufin rumfa, wannan karon mai jure duka. Na ɗauko sabon kwali na kara a ƙofar, na bi gefen da yatsa. Yaron ya miƙo mini dirila da sabon baki yana ƙyalli, na ce ya fara kai shi wajen dutse.